Sunayen karatu sun rikice a faifan CD, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zuba wa Baba karatun tafsiri a faifan CD don ya riƙa saurare a mota. A kwamfuta komai daidai, amma rediyon motar sai ta guntule sunayen, TAFSIR_1.MP3 da makamantansu, darasi na 10 kuma yana shigowa kafin na 2. Inda na sa ƙ ko ɗ alamar tambaya ke fitowa. Faifan ne ya lalace?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, faifanka lafiyarsa ƙalau. Tsohon tsarin jera fayil a CD, wato ISO 9660 na 1988, a matakinsa na farko harafi 8 kawai ya yarda da su, sai ɗigo, sai harafi 3 na nau'in fayil. Su ma manyan haruffa A zuwa Z, lambobi da alamar _ kaɗai. Daga baya Microsoft ta kawo wani tsarin mai suna Joliet a 1995, mai ɗaukar harafi 64 har da namu masu lanƙwasa. Manhajar zuba faifai takan rubuta jerin sunayen biyu tare. Windows na karanta na Joliet, tsohuwar rediyo kuwa ta tsaya a na farkon, shi ya sa kuke ganin abu daban.

Wata 'yar'uwa: Me zai hana ya zaɓi UDF, wani tsarin jera fayil ɗin na daban? Ai yana ɗaukar dogon suna.

Mai gyaran kwamfuta: Hajiya, gaskiya ne, shi ake amfani da shi a DVD da Blu-ray. Amma rediyon da ko Joliet ba ta gane ba, da wuya ta buɗe UDF, ƙila ma ta ce babu faifai. Ni dai ban ba shi wannan shawarar ba.

Wani direba: Ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. Gajarta sunayen da hannunka kafin ka zuba: 01FATIHA.MP3, 02BAKARA.MP3, haka har ƙarshe. Sifilin nan na gaba shi zai hana 10 tsallake 2, don na'urar harafi-harafi take jerawa. Ka guji ƙ da ɗ, kuma kada ka taɓa .MP3 ɗin. In faifan CD-R ne ba ya goguwa, sai ka sayi sabo, ka kuma rufe shi a cikin manhajar (finalize) bayan zubawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Darussan sun haura 100, to in fara da 001 ke nan?

Wani direba: Haka ne, sai harafi 5 su rage maka na suna.