Koyiloba mai sauƙin kuɗi ga Mazda MX-5: abin da masu motar suka ce

Koyiloba dai shokoziba ce da aka zura cikin sifirin, jikinta da zare irin na noti, ana murza zobe a ɗaga mota ko a sauke ta. Da masu MX-5, ƙaramar motar wasanni ta kamfanin Mazda, suka tattauna wadda mai ƙaramin ƙarfi zai saya, sunaye biyu suka fi fitowa: BC Racing ta Taiwan da Tein ta Japan. Öhlins da KW kuwa kowa ya yarda da ingancinsu, kuɗin ne ke korar mutane.

Inda aka fi daɗewa shi ne taurin sifirin. MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, don haka sifirin mai tauri sosai sai ya sa ta riƙa tsalle a kan gargada, taya na rabuwa da kwalta. Nan na fi gamsuwa, domin shokoziba mara kyau ba ta iya riƙe sifirin mai ƙarfi, ko da maɓallin saitinta ya kai mataki 30.

An gargaɗi mutane kan masu arha marasa suna: mai na yoyo da wuri, kuma ba a samun kayan gyaransu. Wasu suka ce wanda ba ya shiga filin tsere ya sa shokoziba ta Koni ko Bilstein da sifirin mai kyau, ya huta.

Bayan an ɗaura, a kai wa bakanike ya daidaita tayoyi, a kuma shafa wa zaren maiko tun ranar farko, kada tsatsa ta kama zoben ya ƙi murzuwa.