Sararin Iskandariya da hunturu

Ɗalibar likitanci: Jama'a, wa ya taɓa yin hunturu a Iskandariya ta Masar? A Katsina hazo muka sani da ƙura, amma nan a Janairu ruwa ake yi, da ya ɗauke sai sama ta yi garau har kan teku. Ina ya fi daɗin kallo?

Bazazzagi: 'Yar'uwa, ki je ganuwar Ƙaitbay, tsohon sansanin tsaron da ke bakin teku, bayan la'asar. Gajimare na tasowa daga Bahar Rum, rana ta rina su jawur kafin magariba.

Maman Ikram: Ki dai kiyayi ranakun guguwar hunturun da ake kira nawwa, igiyar ruwa har kan titin bakin teku take fantsama. Washegarinta sama ta fi kyau, don ruwa ya wanke ƙurar.

Bazazzagi: Gaskiya ne, Hajiya. Ta kuma riƙe rigar sanyi, da dare yakan sauka wajen digiri 9.