Rage sarƙar agogon hannu mai araha: shawarwarin da aka tattaro

Kan yadda ake rage tsawon sarƙar agogo in ta yi wa hannu yawa, abin da kusan duk masu ba da shawara suka fara faɗa shi ne a juya sarƙar a duba cikinta. Gaɓoɓin da ake iya cirewa suna da 'yar kibiya, kuma inda ta nuna nan za a tura fil ɗin ya fita. Wajen mayarwa kuwa, sai a shigar da shi ta gefen da ya fito. Wanda ya buga ta baya, yakan lanƙwasa fil ko ya buɗe gaɓar, domin sarƙar agogo mai araha galibi siririn ƙarfe ne aka naɗe.

Wani ya ja kunne sosai kan wani ɗan bututu da ke riƙe fil a wasu sarƙoƙin. Ƙanƙane ne ainun, in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, fil kuma ba zai sake zama daram ba. Don haka a shimfiɗa farin ƙyalle kafin a fara.

A rage daga ɓangarori biyu don maɓallin ya zauna tsakiyar hannu. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a fara gwada 'yan ramukan jikin maɓallin da ake matsar da sarƙar cikinsu don rage tsawonta kaɗan, wani lokaci su kaɗai sun isa. A bar ɗan sarari, hannu yakan kumbura da zafi, a kuma adana gaɓoɓin da aka cire.