Yaya zan samu mai sunan intanet ɗin da nake son saya, alhali an ɓoye bayanansa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sana'ar atamfa da shadda, kuma akwai wani suna mai ƙarewa da .com da nake son kafa shafin kasuwancina a kansa, sai dai wani ya riga ni yi masa rajista, bai kuwa ɗora masa komai ba. Na duba rumbun WHOIS, wato wurin da ake ajiye bayanan masu rajistar sunayen intanet, amma inda ya kamata a ga suna da lambar waya an rubuta cewa an sakaya su. Ta ina zan ɓullo masa?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan ya samo asali ne daga dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Tararta kan kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara, shi ya sa hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta fitar da ƙa'idar wucin gadi a watan Mayun 2018 ɗin, kamfanonin rajista da dama kuma suka rufe bayanan kowa da kowa, na Turai da wanda ba na Turai ba, domin gudun tsautsayi. Sai dai an wajabta musu barin wata kafa, ko fom ko adireshin imel na sakaye, da za ta isar da saƙonka ga mai sunan ba tare da ka san ko wane ne ba. Nemi kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa, sunansa yana nan a fili.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙari a kan bayanin Malam, ka fara leƙa Sedo da Afternic, shafukan da ake saye da sayar da sunayen intanet, domin mai yiwuwa ya riga ya sa shi a kasuwa. Amma Alhaji, abin da ya fi damuna shi ne biyan kuɗi. Da can kana iya gwada sunan mai sayarwa da abin da ke cikin rajista, yanzu babu wannan damar. Ni kaina na taɓa tura wa wani kafin alƙalami, daga baya ta bayyana sunan ba nasa ba ne, kuɗin kuma suka bi ruwa. Ka sa mai sayarwar ya rubuta wata kalma da ka zaɓa a shafin, ka gani da idonka, sannan kuɗin su zauna a hannun amintaccen mai shiga tsakani irin Escrow.com har sunan ya dawo asusunka.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. Na ji an ce ICANN ta buɗe hanyar neman bayanan da aka ɓoye, ko ta shafe ni?

Malam Injiniya:
RDRS kake nufi, wato kafar miƙa buƙatar ganin bayanan rajista, wadda aka buɗe a Nuwamban 2023. An yi ta ne domin irin su jami'an tsaro da lauyoyin masu tambarin kasuwanci, kuma kamfanin rajista ne ke yanke hukunci. Ba na jin son ciniki zai karɓu a matsayin hujja. Ka tura wa mai sunan saƙo ta fom ɗin kamfanin rajistar, ka faɗi tayinka a dala, kada ka ambaci cewa sunan shagonka ne.