Cin gashin kan kotuna zai rage ɗage shari'a kuwa?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Tun yajin aikin 2021, lokacin da ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta ƙasa, JUSUN, ta garƙame kotunan ƙasar nan har kimanin wata biyu, ake gaya mana cewa da zarar ɓangaren shari'a ya riƙe kuɗinsa komai zai daidaita. Ina tambayar masana: wannan 'yanci zai kawo ƙarshen ɗage zaman da ke gajiyar da talaka, ko kuwa takaddama ce tsakanin gwamnoni da manyan alƙalai kawai?

Lauya daga Kongo:
Wa alaikumus salam, Malam. An gyara sashe na 121 na tsarin mulki a 2018 domin a riƙa ba kotunan jihohi kuɗinsu kai tsaye, sai gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, har Shugaba Buhari ya fitar da umarni mai lamba 10 a 2020, wanda Kotun Ƙoli ta soke a 2022 bisa hujjar cewa ya wuce hurumin shugaban ƙasa. Gyaran yana da amfani, domin alƙalin da ke jiran gwamna ya saya masa mota zai ji nauyin yanke hukuncin da zai ɓata wa gwamnati rai.

Amma jinkiri yana da wasu dalilan. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a saurari shari'a kullum, idan hakan bai yiwu ba kada wani ɓangare ya samu ɗagewa fiye da sau biyar, kuma Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Duk da haka, a yawancin kotuna alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da shaida ya faɗa, lauya yana tsayawa yana jiran bironsa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai ce fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara, wanda ake tuhuma kuwa yana tsare. Idan aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, sau da yawa sai a faro shari'ar daga tushe.

Malama daga Samaru:
Barista ya yi bayani, sai dai ya tsaya a sama. Mutumin Tudun Wada ko Sabon Gari, rikicin gado, aure ko bashi ne ke kai shi gaban alƙali, kuma kotun shari'a ko ta majistare yake zuwa. Majalisar Shari'a ta Ƙasa manyan alƙalai take kula da su. Waɗannan na ƙasa suna hannun hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha. Ƙarin albashin 2024 ma manyan alƙalai ya shafa. Muddin magatakarda da masinja suna dogaro da abin da mai ƙara zai miƙa musu kafin a kai sammaci, mai abin hannu ne zai riƙa samun rana.

Ɗan Tudun Jukun:
Da izinin Barista, lauyoyi ma suna da nasu laifin, domin wanda ya ga ba shi da gaskiya shi ke neman a ɗage. Ku dubi ƙararrakin zaɓe: tsarin mulki ya yanke musu kwana 180, kuma ana gamawa cikin wa'adin. Sai dai galibi daga manyan kotunan jihohi ake ɗebo alƙalan da ke zaman, don haka mai shari'ar fili a nan Zariya sai ya jira su dawo.