Lissafin gogayya ya ce akwati zai koma baya, ina kuskurena?

Assalamu alaikum. Kwana biyu ke nan ina fama da tambaya ɗaya a fiziks, kaina ya ɗaure.

Akwati ne mai nauyin kilo 20 a kan daɓe, ana tura shi a miƙe da ƙarfin 80 N (N wato newton, ma'aunin ƙarfi). An ba da ma'aunin gogayya guda biyu: 0.5 idan yana tsaye, 0.3 idan ya fara tafiya, sannan g (hanzarin da jan ƙasa ke ba abu) = 10. Ana neman ƙarfin gogayya da kuma hanzarin akwatin, wato yadda gudunsa ke ƙaruwa.

Na fitar da ƙarfin da daɓe ke tokare shi da shi, 20 sau 10, wato 200 N. Na ninka da 0.5, na samu 100 N. Da na cire 100 daga 80 sai ga −20 N, wato akwatin zai taho wajen mai turawa. Wannan ko a mafarki! Sai na koma kan 0.3, na samu 60 N, saura 20 N, hanzari 1 m/s². Amma amsar da malaminmu ya rubuta ita ce gogayya 80 N, hanzari sifili.

Na yarda akwatin bai motsa ba. Har buhun masara na ja a kan siminti, na ji da hannuna cewa tayar da shi ya fi ci gaba da jansa wuya. Tamanin ɗin ne ya tsaya mini a rai, domin babu ninkin da ya ba ni shi.

Don Allah, idan ƙa'idar ita ce F = μN (wato ƙarfin gogayya daidai yake da ma'aunin gogayya sau ƙarfin tokarar daɓe), daga ina 80 N ya fito?