Taƙaitawa: kwalin taba marar ado da haƙƙin tambari

Zaren muhawara kan dokar tilasta sayar da taba a kwali marar ado, da ko ta tauye haƙƙin tambarin kamfanoni, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Babu gardama cewa Ostareliya ce ta fara, da dokar 2011 wadda ta soma aiki gadan-gadan a Disamba 2012. Kowane kwali ruwan ƙasa ne mai duhu, hoton cuta ya cinye kashi 75 cikin ɗari na gabansa, sunan tabar kuwa da haruffa iri ɗaya.

2. Nan aka fi kai ruwa rana. Wasu sun ce tambari dukiya ce, hana buga shi ƙwace ne, a biya diyya. Akasari suka kawo hukuncin Babbar Kotun ƙasar na 2012: an taƙaita amfani, amma gwamnati ba ta mallaki komai ba, don haka babu diyya. Ni dai wannan hujja ta fi kwanta mini.

3. Ƙarar da kamfanin taba Philip Morris ya shigar kan Ostareliya ta hanyar reshensa na Hong Kong an kore ta a 2015. Hukumar ciniki ta duniya ma ta ba Ostareliya gaskiya a 2018 da 2020.

4. Ba a daidaita ba kan raguwar masu sha: kwalin ne, ko ƙarin haraji? Haka batun jabu da fasa-ƙwauri.